Yadda hayar gidajen wani mai gyaran takalma ke riƙe da makarantun Yahudawa a Seattle

A shekarar 2022 wata gidauniya a birnin Seattle na jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka, ta yi wa iyaye Yahudawa wani alkawari da ba kasafai ake jin irinsa ba.

Ta ce duk gidan da abin da ke shigo masa a shekara bai wuce dala 350,000 ba, ba zai biya fiye da dala 15,000 kan kowane yaro a makarantun Yahudawa na yankin ba. Idan kuma yaran na da yawa, jimillar kuɗin makarantarsu ba za ta haura kashi 15 cikin 100 na samun gidan ba. Abin da ya yi saura gidauniyar ce za ta cike.

Mai karatu na iya cewa: wanda ke samun dala dubu ɗari uku a shekara, wane tallafi kuma yake nema? Amsar tana cikin tsadar birnin, da dokokin jihar, da kuma wata fargaba da ta daɗe tana damun shugabannin Yahudawan Amurka game da makomar 'ya'yansu.

Shumekan da ba ya sayar da gida

Sunan gidauniyar Samis, an ciro shi ne daga sunan wanda ya kafa ta, Sam Israel. An haife shi a 1899 a tsibirin Rhodes, lokacin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, cikin Yahudawan da ake kira Sefardi, wato zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492. Ya isa Seattle a 1919 da sana'ar da ya koya a gida, gyaran takalma.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa, domin ya samu kwangilar gyara takalman sojojin barikin Fort Lewis. Ribar da ya samu ya riƙa zuba ta a tsofaffin gine-gine, musamman a unguwar Pioneer Square, tsohuwar cibiyar birnin, a lokacin da masu kuɗi ke gudun wurin.

An san shi da abu biyu: idan ya saya ba ya sayarwa, kuma ba ya kashe kuɗi wajen gyara sai abin da ya zama dole, kamar rufin da ke yoyo. Haya kuwa da sauƙi. Wasu sun zarge shi da barin gine-gine suna lalacewa, amma masu zane-zane da ƙananan 'yan kasuwa sun samu matsuguni, kuma gine-ginen tarihi da dama sun tsira daga rusau saboda mai su ya ƙi sakin su. Shi kansa ya koma wata gona a Soap Lake, gabashin jihar, yana zaman talaka duk da tarin dukiyarsa.

Al'ummar da ya baro a Rhodes kuwa ba ta tsira ba. A watan Yulin 1944 'yan Nazi suka kwashe Yahudawan tsibirin, kimanin mutum 1,700, zuwa sansanin Auschwitz, kuma 'yan kaɗan ne suka fito da rai. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da mutumin ya zaɓa ya yi da dukiyarsa ba.

Da ya mutu a 1994, filaye da gine-ginensa suka koma hannun gidauniyar. Tsarin ya yi kama da waƙafi: ana riƙe kadara, ana karɓar haya, ana kashe abin da ta haifar kan manufar da mai dukiya ya ayyana. Babbar manufar ita ce ilimin yaran Yahudawa a jihar Washington, sai kuma wasu ayyuka a Isra'ila. Daga lokacin zuwa yanzu gidauniyar ta raba fiye da dala miliyan 100.

Me ya sa makarantun ke da tsada?

Makarantun da ake magana a kansu na yini ne cikakke, masu haɗa karatu biyu a rana ɗaya: lissafi da kimiyya da Turanci a gefe guda, Ibrananci da Attaura da tarihin Yahudawa a ɗaya gefen. Karatu biyu na nufin rukunin malamai biyu, ga kuma abinci da dole ya bi ƙa'idar addini. Saboda al'ummar ba ta da yawa, aji kan kasance da yara ƙalilan, amma albashin malami bai san yawan ɗalibai ba.

A yankin Seattle akwai irinsu 'yan kaɗan. Mafi daɗewa ita ce Seattle Hebrew Academy da aka kafa a 1947. Akwai sakandaren Northwest Yeshiva a Mercer Island, da Jewish Day School of Metropolitan Seattle, da Seattle Jewish Community School, da wasu na masu tsananin riƙo da addini. Ba aƙidarsu ɗaya ba, amma duk suna ɗiba daga rijiya ɗaya.

Sai batun tsaro. A ranar 28 ga Yulin 2006 wani ɗan bindiga ya shiga ofishin Tarayyar Ƙungiyoyin Yahudawa ta Seattle, ya kashe mace ɗaya, ya raunata biyar. Masu gadi da kyamarori da ƙofofi masu kulle sun zama wani layi na dindindin a kasafin kuɗin cibiyoyin Yahudawa.

Gwamnati kuma ba ta ɗaukar nauyin karatun. Kundin tsarin mulkin jihar Washington na daga cikin masu tsauri wajen hana kashe kuɗin jama'a kan koyar da addini. A 2004, a shari'ar Locke da Davey, Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan jihar kan hana wani ɗalibi tallafin karatu saboda yana karatun zama limamin coci. Wasu jihohin na ba iyaye takardar tallafi su kai makarantar kuɗi da suke so, Washington ba ta yi.

Shi ya sa kuɗin makarantar Yahudawa a manyan biranen Amurka kan kama daga dala 20,000 zuwa sama da 30,000 a shekara kan kowane yaro, musamman a matakin sakandare.

'Yan tsakiya

Tsohon tsarin tallafi ya san mutum biyu ne kawai: mai kuɗi da zai biya duka, da marar ƙarfi da za a yi wa rangwame bayan ya baje takardun samunsa a gaban kwamiti. Wanda ke tsakiya shi ke shan wahala. Injiniya ne a Amazon ko Microsoft, matarsa ma'aikaciyar jinya ce ko malama, albashi ya yi kyau a takarda, amma a birnin da matsakaicin farashin gida ya haura dala 800,000.

A ɗauki misalin gida mai samun dala 200,000 da yara uku, a makarantar da ke karɓar 25,000 kan kowane yaro. Kuɗin makaranta kaɗai 75,000 ke nan, tun kafin a cire haraji da bashin gida. A ƙarƙashin tsarin Samis gidan zai biya 30,000. Kuma abin da ya fi muhimmanci ga iyaye da yawa, za su san adadin tun kafin su sa yaro a aji ɗaya. Uba ba ya son ya fara abin da zai cire ɗansa daga cikinsa bayan shekara uku, kuma mai albashi mai kyau yakan ji kunyar zuwa neman taimako. Ƙayyadadden farashi ya ɗauke masa duka biyun.

Dabarar ta taɓa yin aiki a wani wuri. A 2017 sakandaren TanenbaumCHAT da ke Toronto a Kanada ta samu gudummawar da ta ba ta damar rage kuɗin makaranta daga kusan dalar Kanada 28,000 zuwa 18,500, kuma yawan masu shiga ya ƙaru bayan shekaru yana raguwa.

Abin da suke gudu

Binciken Jami'ar Brandeis na 2014 ya ƙiyasta Yahudawan yankin Seattle da mutum 63,400, ƙarin kusan kashi 70 cikin 100 kan abin da aka samu a farkon shekarun 2000. Al'umma na ƙaruwa, amma ƙalilan ne daga 'ya'yanta ke makarantun yini. Mafi yawa suna makarantun gwamnati ne, sai su riƙa zuwa darasin Lahadi ko na yamma a wuraren ibada, har zuwa bikin balaga da ake yi wa yaro a shekara 13. Daga nan da yawa sukan daina.

Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2020 cewa cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010, kashi 61 cikin 100 sun auri wanda ba Bayahude ba ne. Idan aka cire masu tsananin riƙo da addini, adadin ya kai kashi 72. Shugabannin al'ummar na kallon makarantar yini a matsayin abin da ya fi tabbatar da cewa yaro zai tashi yana karanta Ibrananci, ya kuma ba 'ya'yansa abin da ya samu.

Ƙidayar gidauniyar AVI CHAI ta zangon 2018 zuwa 2019 ta samu ɗalibai kimanin 292,000 a makarantu 906 a faɗin Amurka, amma mafi yawansu a New York da New Jersey suke, kuma 'ya'yan masu tsananin riƙo da addini ne, waɗanda za su kai yaransu ko da nawa ne. A gari irin Seattle sai an shawo kan iyaye.

Ganin haka Samis ba ta tsaya a aji ba. Tana tallafa wa sansanonin hutun bazara, inda yara ke kwana na makonni suna rayuwa bisa al'adun Yahudanci, ciki har da na Sefardi da ke ƙoƙarin raya waƙoƙi da kalmomin Ladino, harshen da Sam Israel ya tashi da shi. Tana kuma biya wa matasa wani ɓangare na kuɗin tafiya Isra'ila.

Wannan na ƙarshen shi ne wurin da ƙasa ta fi santsi. Binciken Pew ɗin ya nuna kashi 48 cikin 100 ne na Yahudawan Amurka 'yan ƙasa da shekara 30 ke jin shaƙuwa da Isra'ila, alhali a cikin 'yan 65 zuwa sama kashi biyu cikin uku ne. Yaƙin Gaza da ya biyo bayan harin 7 ga Oktoban 2023 ya ja abin ta fuska biyu. Ƙungiyar Prizmah, mai haɗa makarantun Yahudawa a Amurka da Kanada, ta ba da rahoton ƙaruwar iyayen da ke neman gurbi saboda tsoron tsangwama a wasu makarantu. A lokaci guda kuma an ga matasa Yahudawa a sahun gaba na zanga-zangar adawa da yaƙin. Iyayen da ke sukar gwamnatin Isra'ila ba lallai ne rangwamen kuɗi ya sa su kai yaro makarantar da suke ganin ba za ta saurari ra'ayinsu ba.

Rijiya ɗaya

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da dogaro da hannu ɗaya. Makarantar da wani kaso mai tsoka na kasafinta ke fitowa daga gidauniya ɗaya za ta yi wuya ta ce mata a'a, kuma iyaye ba su ke zaɓar amintattun gidauniya ba. Sauran masu bayarwa na iya naɗe hannu, tunda akwai mai yi. Ita ma makarantar, idan ta san akwai mai cike giɓi, tana iya sakin jiki wajen ƙara farashi.

Uwa uba, kuɗin daga kadarori yake fitowa. Tun bayan annobar korona ma'aikata da yawa suka koma aiki daga gida, ofisoshi da shaguna a tsakiyar Seattle suka zauna babu 'yan haya. Alkawarin da aka yi wa yaro ɗan aji ɗaya na shekara goma sha biyu ne, kasuwar haya kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba.

AVI CHAI da aka ambata ta bi wata hanyar daban: ta yanke shawarar kashe dukiyarta cikin ƙayyadadden lokaci, ta rufe bayar da tallafi a ƙarshen 2019. Samis an gina ta ne don ta ɗore, saboda haka dole ta riƙa auna abin da za ta kashe yau da abin da za ta bar wa yaran da ba a haifa ba.

Wata sabuwar ƙofa na iya buɗewa. Dokar haraji da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tanadi cewa daga farkon 2027, wanda ya ba ƙungiyar tallafin karatu gudummawa har dala 1,700 za a cire masa daidai adadin daga harajin tarayya, kuma makarantun addini na cikin masu cin gajiyar. Sai dai dole kowace jiha ta amince ta shiga tsarin kafin yaranta su amfana. A Washington 'yan jam'iyyar Democrat ne ke riƙe da kujerar gwamna da majalisa, ƙungiyoyin malaman makarantun gwamnati kuma, waɗanda ke da ƙarfi a jam'iyyar, sun daɗe suna adawa da duk abin da zai karkatar da kuɗin haraji zuwa makarantun kuɗi.