Zare: Elk na Yellowstone da labarin da aka sayar mana 🧵

1/ Jama'a, kun tuna bidiyon nan da ya zaga intanet, wai kyarketai sun "canza koguna" a gandun Yellowstone na Amurka? Ni ma na tura shi group ɗin ajinmu. Yau na dawo in gyara maganata.

2/ Elk dabba ce dangin barewa, amma ta kusa girman doki, namijin yana da ƙaho mai rassa. Bayan an ƙarar da kyarketai a gandun a shekarun 1920, elk suka yi yawa har ma'aikata na harbe su don a rage. Ƙarshen shekarun 1960 aka daina.

3/ Garken arewacin gandun ya kai wajen 19,000 a tsakiyar shekarun 1990. A 1995 da 1996 aka kawo kyarketai 31 daga Kanada. Zuwa 2013 ƙidaya ta sauko kusan 4,000.

4/ Sai duniya ta ce shi ke nan, kyarkeci ya rage elk, itatuwan bakin rafi sun farfaɗo. Labari mai daɗi ko? To masu bin garken shekara da shekaru, suna ƙirga su daga jirgin sama lokacin sanyi, suna sa musu na'ura a wuya, sun ga abin ya fi haka.

5/ Mafarauta a wajen gandun, ta ɓangaren Montana, sun kashe mata da yawa masu haihuwa. Beyar ce ta fi cinye jarirai. Ga fari. Kyarkeci yana ciki, amma ba shi kaɗai ba.

6/ A 2024 masana daga jami'ar jihar Colorado suka fitar da sakamakon gwajin shekara 20: a wurare da yawa itatuwan ba su dawo yadda aka zata ba, saboda rafukan sun zaizaye tun da dabbar biba mai datse ruwa ta ɓace.

7/ Ra'ayina: binciken shekara biyu ko uku ba zai nuna maka wannan ba. Kuma da irin lissafin nan ake yanke elk nawa za a bar mafarauta su harba. Ka yi kuskure, garke ne zai biya.

8/ Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake zubawa a ƙidayar da ba ta ƙarewa ba asara ba ne. Wanda ya fara ƙirgar ba lallai ya ga amsar ba, ɗalibinsa ne zai gani.

9/ Wanda na tura wa bidiyon can, don Allah ka haɗa da wannan zaren ka tura gaba. 🙏