Kyamara Ba Likita Ba Ce

A ƙasashen da harkar inshora ta zauna da gindinta, kamar Ingila da Amurka, akwai wata sana'a da ba mu saba jin labarinta ba a nan. Mutum zai ajiye mota a bakin layinku tun da asuba, gilashi a rufe, kyamara a cinya, yana jiran ka fito. Ba ɗan sanda ba ne. Kamfanin inshora ne ya ɗauko shi, saboda ka ji rauni a hatsarin mota ko a wurin aiki, ka ce bayanka ba ya lanƙwasuwa, kana neman diyya. Abin da yake farauta shi ne ya kama ka ka sunkuya ka ɗauki ledar cefane, ko ka ɗaga ɗanka sama. Abokin aikinsa kuma yana ofis yana bin shafinka na Facebook, ko Allah zai sa ya ga hotonka kana taka rawa a gidan biki.

Ni ban ce kada kamfani ya yi bincike ba. Maƙaryata suna nan, kuma duk abin da aka biya maƙaryaci daga aljihun sauran masu biyan inshora yake fita. A shekarar 2012 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta duba shari'ar wani ma'aikaci da ya faɗo a wurin aiki ya karye. Raunin gaskiya ne, sai dai ya zuzuta shi, ya nemi sama da fam 800,000, yana cewa aiki ya gagare shi har abada. Bidiyon da aka ɗauka a ɓoye ya nuna shi yana harkokinsa, har da aiki. Abin da alƙali ya ga ya cancanta bai kai fam 90,000 ba. Bayan shekara uku, a 2015, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba kotu ikon yin watsi da ƙarar gaba ɗaya idan ta tabbata mai neman diyya ya gina ta a kan ƙarya, ko da akwai ɓangaren da yake da gaskiya a ciki. Wanda ya yi haka ba ni da abin da zan kare shi da shi.

Damuwata ita ce inda binciken ke tsayawa, da kuma nauyin da ake ɗora wa abin da ya samo.

A 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari shari'ar wata ma'aikaciyar Jami'ar Warwick da ta ji ciwo a hannu a bakin aiki. Wanda kamfanin inshora ya turo bai tsaya a titi ba. Ya ƙwanƙwasa mata ƙofa a matsayin mai jin ra'ayin jama'a kan kayan kasuwa, ta ba shi wurin zama a cikin gidanta, shi kuwa kyamararsa tana ɓoye tana ɗaukar yadda take motsa hannun. Sau biyu ya yi haka. Alƙalai, ƙarƙashin Lord Woolf, sun ce abin da aka yi bai dace ba, sun ɗora wa ɓangaren kamfanin kuɗin shari'ar da aka kashe wajen wannan gardama, amma duk da haka suka karɓi bidiyon a matsayin shaida. To, wane darasi kamfani zai ɗauka? Idan tarar ba ta kai abin da yaudarar ta cece shi ba, gobe ma zai sake turo wani.

Suwizalan ta bi wata hanya dabam, ita ma sai da aka ja mata kunne. Wata mata da babur ya buge a 1995 ta shafe shekaru tana jayayya da kamfanin inshora, har kamfanin ya sa aka riƙa bin ta a ɓoye ana ɗaukar hotonta. Ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kuma a 2016 kotun ta ce an keta mata sirri, domin babu wata doka bayyananniya da ta faɗi yaushe za a bi mutum, tsawon wane lokaci, da abin da za a yi da hotunan. Sai ƙasar ta zauna ta rubuta dokar. A watan Nuwamba na 2018 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka amince. Dokar ta yarda da sa ido idan akwai dalilin zargi, amma ta ƙayyade kwana 30 cikin wata shida, ta ce na'urar bin sawun mota sai da izinin alƙali, kuma dole a sanar da mutumin daga baya. Jama'ar ƙasar ba su hana bincike ba, iyaka suka yi masa.

Ko da an kiyaye duk waɗannan, akwai abin da kyamara ba ta iya gani. Ina da maƙwabci birkila da ya faɗo daga saman bene yana aiki, bayansa ya taɓu. Ranar Juma'a za ka gan shi ya sha babbar riga, ya tako har masallaci a hankali. Idan aka miƙo masa kujera sai ya ce a bar wa dattawa, ya yi sallarsa a tsaye, yana cije baki a ruku'u. Duk wanda ya ce masa, “Malam, ya jiki?” amsa ɗaya ce: “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Ka leƙa gidan ranar Asabar, ka same shi rub da ciki a kan tabarma, mai ɗakinsa tana shafa masa man zafi, babban ɗansa ne ke kama shi zuwa bayan gida. Wanda ya ɗauki bidiyon Juma'a bai yi ƙarya ba. Amma alƙalin da aka nuna wa shi kaɗai zai yanke hukunci a kan rabin labari. Mai bincike yakan yi kwanaki yana gadi, sannan a yanko 'yan mintocin da suka yi wa kamfani daɗi. Sauran sa'o'in da ƙofa ta kasance a rufe, domin mutumin yana kwance, ba mai tambayar su.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da yawancinmu ke yankar takardar inshorar mota don kawai mu nuna a shingen 'yan sanda? Da ruwanmu. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka kai diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da ta rauni da rasa rai. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a kan hanya, a shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyara harkar inshora. Wanda aka tilasta wa biya, wata rana zai zo neman haƙƙinsa, ba kullum za a rabu a bakin titi da “a yi haƙuri, ƙaddara ce” ba. Idan masu neman diyya suka yawaita, kamfanoni za su nemi hanyar tace su, kuma yau kowane yaro yana yawo da kyamara a aljihu.

A nan ne talakanmu zai fi kowa shan kashi. Mai adaidaita sahu da ya karye ba ya jira ya warke, da bandeji yake komawa titi, domin mai keken yana jiran kuɗinsa na kullum, yara kuma suna jiran tuwo. Da yawa wurin mai ɗori suke zuwa, ba kati, ba hoton ƙashi. Ka haɗa mutumin da ba shi da takarda ko ɗaya da kamfanin da ke riƙe da bidiyonsa yana tuƙi, ka gaya mini wa zai yi nasara.

Muna da tushen da za a ɗora gini a kai. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Abin da ya rage shi ne NAICOM ta fitar da ƙa'ida a rubuce tun kafin abin ya zama al'ada. Kada a bi kowa sai da dalilin zargi da aka rubuta aka ajiye. Kada a shiga gida ko a yi shigar burtu, kuma a kawar da kyamara daga kan mata da yaran gidan. Duk abin da aka ɗauka a miƙa shi cikakke ga mai ƙara da lauyansa, ba yankakke ba. Sannan a bar wa likitan da ya duba jikin mutumin ya faɗi abin da bidiyon ke nufi.

Kai kuma mai karatu, idan tsautsayi ya faɗa maka, Allah ya kiyaye, ka je asibiti ko da za ka biya wurin mai ɗori daga baya. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka adana kowane rasiti da hoton ƙashi. Ka gaya wa likita abin da kake iya yi da wanda ba ka iyawa, har da ranakun da kake samun sauƙi. Kada ka ƙara ko kaɗan don kwaɗayi, kada kuma ka rage don kunya.