Sana'a a Cikin Gida: Injin Katako Mai Aiki da Yawa

A wannan wata zancenmu a kan injin katako ne, irin wanda shi kaɗai yake yanka, ya fere fuskar katako ta yi sumul, ya kuma huda rami. Magidanta da dama da suke aikin kafinta a zaurensu suna marmarinsa, gama kuɗinsa bai kai na injuna uku ba, ba ya kuma cin wuri.

Dabarar haɗa ayyuka a inji guda ta daɗe. A Amurka, a shekarar 1947, wani Bajamushe mai suna Hans Goldschmidt ya ƙera injin da ake kira Shopsmith domin masu aiki a gida. A 1953 aka fito da samfurin Mark V mai aiki biyar. Waɗanda na fi gani a wajenmu kuwa na ƙasar Sin ne, masu aiki uku. A cikinsu moto ɗaya ne yake juya sandar ƙarfe ɗaya, zarto yana gefe guda na sandar, wuƙaƙen fira suna tsakiya, abin huda yana ɗaya gefen. Watau in ka kunna domin ka yanka, dukansu uku ne suke juyawa.

Na ga abin da wannan yake jawowa da idona a Tambuwal. Wani abokina kafinta yana tsaga katakon benci da zarto. Tun da safe ya cire murfin wuƙaƙen fira, wai yana hana shi sauri. Da katakon ya kusa fita, ya miƙa hannun hagu domin ya dafa tebur, sai ya dafa wuƙaƙen da ba su yake aiki da su ba. Kan yatsu biyu suka tafi kafin ya ce wayyo. Wata biyu bai riƙe guduma ba, ga iyali, ga kuɗin makarantar yara. Sauri ya haifi nawa.

Saboda haka doka ta fari ita ce, duk ɓangaren da ba ka aiki da shi, ka rufe shi. In murfin ya karye, ka ƙera wani da falanki, ka ɗaure shi da sukuru. Kafin ka sauya daga wani aiki zuwa wani, ka zare waya daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, musamman a inda wuta take tafiya ta dawo ba sallama. In aka ɗauke wuta kana cikin aiki, ka kashe makunni nan take, domin kada ta dawo injin ya tashi alhali hannu yana kansa.

Ka tsara aikinka yadda ba za ka yi ta sauyi ba. In benci shida za ka yi, ka yanka na shidan duka, sa'an nan ka fere duka, sa'an nan ka huda. Kada haƙoran zarto su ɗara kaurin katako da yawa. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da yake bayan zarto, kada ka cire shi, gama shi ne yake hana katako ya matse zarto ya yi tsalle ya doke ka a ciki. Ka tsaya ɗan gefe, ka tura ƙarshen katako da sanda. Katakon da bai kai ƙafa ɗaya ba, kada ka sa shi a wuƙaƙen fira, ka yi masa da hannu. Kada kuma ka ci fiye da milimita 3 a wucewa ɗaya. Babbar riga da hannun riga mai lilo ba su da wuri a nan.

Sai kula da inji. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da garin katako su toshe kafofin iska na moto, ya yi zafi ya ƙone. Ka share su kowace yamma. Da damina kuwa tsatsa ce abokiyar gaba. Ka goge tebur da kyandir, kada ka shafa masa baƙin mai, domin yana ɓata katako yana kuma kama ƙura. Ƙaron da yake manne wa zarto, kananzir yana cire shi. Ka danna bel da babban yatsa a tsakiyarsa. In ya lotsa kamar rabin inci, daidai ne. In ya yi tauri ainun zai kashe boris, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa. Bayan wasa wuƙaƙe, ka daidaita su duka da tsayin teburin da katako yake fita ta kansa, ka ɗaure kowane noti tam. In ka ji moto yana gurnani bai tashi ba, ka kashe shi maza. Sau da yawa wuta ce ba ta da ƙarfi.

Katakon ma yana da nasa hali. Wanda ake kawowa daga kudu ta hanyar Kontagora da Yawuri da Jega yakan iso da sauran danshi. Ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har ya bushe, in ba haka ba ƙofar da ka haɗa da kaka za ta buɗe baki da hunturu. Ƙirya da marke suna da tauri, suna dakushe haƙora da wuri, sai ka tura su a hankali. Tsohon katako kuwa, ka bincika ƙusa a jikinsa tukuna.

Yanzu ga maganar sauya wa inji fasali. A ƙauyukan Kebbe da na Tambuwal inda wuta ba ta da tabbas, mutum yakan so ya cire moto ya ɗaura injin fetur irin na markaɗe. Ana iya yi, amma sai da lissafi. Duba ɗan allon da yake jikin moto. Da yawa suna juyi wajen 2,850 a minti ɗaya, injin fetur kuwa yakan kai 3,600. In ka bar fuli ɗaya, watau gargaren da bel yake hawa, gudun zarto zai ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ga lissafin: ka ninka faɗin tsohon fuli da gudun moto, ka raba da gudun sabon inji. In fulin inci 4 ne, 4 sau 2,850 a raba da 3,600 ya ba ka inci 3 da ɗan kaɗan. To, ka nemi na inci 3. Kowane zarto na kirki an rubuta iyakar gudunsa a jikinsa, kada ka wuce ta. Injin fetur kuma a waje ake ajiye shi, gama hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. Ka yi wa dogon bel ɗin akwati.

Wanda ya sami tsohon inji daga Amurka, ya sani an yi shi ne domin wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Sai da taransifoma, kuma ko da ita gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Gyaran da ba shi da haɗari shi ne ƙara wa tebur tsawo, da kafa ƙafafun inji a daɓen siminti, da matso da makunni kusa da gwiwa.

Kalma ta ƙarshe ga uwargida da maigida tare. Tun da yake injin a cikin gida yake, yara za su so taɓa shi. Ku sa kwaɗo a akwatin makunni, mabuɗin ya zauna a aljihun maigida. Yaron da yake koyon sana'a ya fara da shara da awo da zarton hannu, sai hankalinsa ya zauna kafin ya matso kusa da inji.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.