Ƙarfin doki 1,063 ko kilomita 50,000: wace lamba ce ta fi faɗin gaskiyar Mercedes-AMG One?

Idan kana cikin masu kallon bidiyon motoci a YouTube ko TikTok kafin barci, da wuya ka ce ba ka ci karo da Mercedes-AMG One ba. Lambar da kowa ke maimaitawa ita ce 1,063, wato ƙarfin dokin da motar ke fitarwa idan an haɗa injin fetur da na lantarki. Akwai wata lamba da ba a cika sa ta a kan hoton bidiyo ba: 50,000. Bayan tafiyar kilomita 50,000, sai an sauke injin an mayar wa kamfanin ya sake gina shi. Kano zuwa Legas da dawowa wajen sau 25 ke nan. Direban haya da ke bin wannan hanya zai cinye wannan nisa kafin shekara ta zagayo.

A ganina lamba ta biyun ce ta fi bayyana ko wace irin mota ce wannan.

Bari mu fara da abin da ke cikin motar, domin ya cancanci a yaba. A 2017 Mercedes ta nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt da alƙawarin ɗauko injin tseren Formula 1 ta saka a motar da za a iya hawa titi da ita. Injin ƙarami ne, lita 1.6, silinda shida, turbo ɗaya. Girmansa bai kai na Corolla mai lita 1.8 ba, amma shi kaɗai yana fitar da ƙarfin doki 574, kuma yana iya juyawa har sau 11,000 a minti ɗaya. Motar gida tana fara kuka ne tun a wajen 6,000. A garin Brixworth na Ingila ake haɗa shi, wurin da ake ƙera injinan tseren kamfanin.

Sai injinan lantarki guda huɗu. Biyu suna kan tayoyin gaba, kowace taya da nata, kowanne da ƙarfin doki 163. Na uku yana manne da injin fetur yana taimaka masa tura tayoyin baya, shi ma 163. Tara su da 574 za ka samu 1,063 cif. Na huɗun ba ya cikin lissafin saboda ba taya yake turawa ba; yana cikin turbo ne. Aikinsa biyu: ya juya turbo da lantarki tun kafin hayaƙi ya taru, don kada a ji jinkiri idan an taka totur, sannan idan hayaƙin ya yi yawa ya mayar da ƙarfinsa caji ya zuba a batir. Wayo ne na gaske. Da wannan tsari motar ke kai kilomita 200 a awa cikin daƙiƙa 7, ta kuma zagaye titin gwaji na Nürburgring a Jamus cikin minti 6 da daƙiƙa 29 a 2024, abin da ya karya tarihin da ita kanta ta kafa a 2022.

To ina matsalar? Injin Formula 1 ba a yi shi don a tayar da shi da sanyin safiya a je sayen burodi ba. A filin tsere injiniyoyi ne ke kewaye da shi da kwamfutoci, suna ɗumama ruwansa da mansa kafin a kunna, kuma direba yana canza inji fiye da sau ɗaya a kakar wasa. Ko a tsaye, injin tseren yana juyawa wajen sau 5,000 a minti. Ba wanda zai tsaya a danja da irin wannan ƙara, kuma dokar hayaƙi ta Turai ba za ta yarda ba. Sai da aka sauko da shi zuwa wajen 1,280, kuma wannan aiki na cikin abubuwan da suka ci wa kamfanin shekaru. An yi niyyar fara miƙa motar a 2019, ba ta isa hannun mai saye na farko ba sai farkon 2023. Shugaban kamfanin, Ola Källenius, ya taɓa yin raha a 2022 cewa da alama a buge suke ranar da suka amince da aikin. Ko yanzu, idan ka danna maɓallin tayarwa, da lantarki motar ke farkawa. Injin fetur ba ya kamawa sai an ɗumama matatun hayaƙin da ke cikin salansa.

Dalilin gajeren rayuwar injin ba boyayye ba ne. Fistin da ke hawa da sauka fiye da sau 180 a daƙiƙa ɗaya yana shan wahalar da fistin Corolla bai san da ita ba. An rage nauyin kowane ƙarfe zuwa iyakar abin da zai iya jurewa, zafin ya fi yawa, matsin ya fi yawa. Abin da aka samu a gudu, a ƙarko aka biya shi. Aston Martin Valkyrie, abokiyar hamayyarta, ta bi wata hanya da babban inji mai silinda 12 da lita 6.5 wanda Cosworth ta ƙera, ba turbo, amma shi ma yana wuce juyi 11,000, kuma shi ma an yanka masa wa'adi, wajen kilomita 100,000.

Wani abin dariya: wannan injin lantarki na cikin turbo da na yaba, ita kanta Formula 1 ta cire shi daga dokokinta na 2026 saboda tsada da sarƙaƙiya. Masu tseren sun ajiye, masu AMG One kuwa za su ci gaba da riƙonsa.

Na san abin da masoyan motar za su ce, kuma suna da gaskiya rabi. Guda 275 kacal aka ƙera, kowace a kan fiye da dala miliyan biyu da rabi. Wanda ya saya ba zai yi jigilar yara makaranta da ita ba. Yawancin irin waɗannan motoci suna kwana a ɗaki mai sanyi, ana fitar da su sau kaɗan a shekara. A haka, mai motar zai iya tsufa bai ga kilomita 50,000 ba. Na yarda.

Amma nan ne ainihin damuwar take, kuma mai riƙe da waya ya fi kowa saurin gane ta. Inji yana tsufa da tafiya, batir kuwa yana tsufa da kwanaki, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Ka tuna tsohuwar wayar da ka jefa a durowa shekara biyu, ka ɗauko ta ka tarar ta ƙi kamawa ko bayanta ya kumbura. Batirin AMG One na lithium ne, dangin na wayarka, girmansa kilowat-awa 8.4, yana iya tura motar kilomita 18 kawai shi kaɗai. An gina shi ne don ya zubar da wuta ya kuma sha caji cikin sauri, da ruwan sanyaya da ke bi ta jikin kowane ƙwayarsa. Kusan rabin ƙarfin motar daga gare shi yake fitowa. Ranar da ya raunana, 1,063 ta zama labari, kuma ba bakaniken da zai taɓa tsarin da ke aiki da bolt 800 sai wanda kamfanin ya horar.

Ferrari ta fito fili a kan wannan. Motarta SF90 Stradale tana haɗa inji mai silinda takwas da injinan lantarki uku su ba da ƙarfin doki 1,000. A 2024 kamfanin ya fito da tsarin ƙarin garanti ga motocinsa masu haɗa fetur da lantarki, wanda a cikinsa za a canza babban batirin a shekara ta 8, a sake canzawa a ta 16. Ba a nisan tafiya aka ɗaure shi ba, a shekaru. Kamfani ba ya tsara irin wannan sai ya san masu saye sun fara tambayar abin da motar za ta zama a hannun mai ita na biyu.

Kada wani ya ɗauka haɗa fetur da lantarki ne ke kawo rashin ƙarko. Toyota ta fara sayar da Prius tun 1997, kuma a birane da dama na duniya da ita ake tasi saboda juriyarta. Bambancin yana ga abin da aka sa lantarkin ya yi. A Prius yana sauke wa inji kaya ne, ya bar shi ya huta a cunkoso. A AMG One yana ƙara wa injin da ke bakin iyakarsa wuta. Ga wanda tsadar mai ta sa yake duba irin su Prius ko Camry mai batir a cikin 'yan Kwatano, tambayar da za ta cece shi ita ce shekarun batirin da lafiyarsa, musamman a zafinmu, wanda ba ya yi wa batir adalci.

Shi ya sa ban ga laifin Mercedes a kan 50,000 ba. Sun faɗa tun motar ba ta fito ba, mai saye ya san abin da ya saya. Waɗanda nake ƙorafi a kansu su ne mu masu rubutu da masu bidiyo, da muke ɗora lambar gudu a sama mu binne ta ƙarko a ƙasa. Haka muke yi da waya: megafiksel 200, caji mai wat 120, makin AnTuTu. Sau nawa ka ga an rubuta a babban baƙi yawan cajin da batirin zai jure kafin ya fara mutuwa da la'asar?

Lambar tana nan ga mai nema. Apple ta ce batirin iPhone 14 zai riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1,000. Tun watan Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta su jure aƙalla caji 800, kuma a buga adadin a takardar da ke tare da wayar. Idan samfurin da kake son saye ana sayar da shi a Turai, wannan takarda tana intanet, za ka iya duba ta kafin ka je kasuwa.