Wa Ke Ba Da Umarni Idan Wuta Ta Tashi A Tudun Murtala?

Duk shekara da hunturu ya kama, maganar gobara a Kano ba ta wuce mota da ruwa. Jama'a su ce 'yan kwana-kwana sun makara, ko ruwansu ya ƙare wuta na ci, hukuma ta yi alƙawarin sababbin motoci. Haka aka yi ta yi bayan gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Mota da ruwa dole ne, ba mu musa ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ke jagorantar mutanen da ke cikin motar, kuma ta wace hanya ya hau wannan matsayi?

A ɗauki Tudun Murtala a ƙaramar hukumar Nassarawa. Unguwa ce mai cunkoso, gida na jingine da gida, wasu lungunan adaidaita-sahu ma da ƙyar take kutsawa, ga masana'antun Bompai da na Dakata ba nisa. In wuta ta tashi a tsakiyar lungu da ƙarfe biyun dare, mota a bakin titi za ta tsaya. Daga nan sai an yanke shawara nan take: mesa nawa za a haɗa, ta wane gida za a ratsa, wa zai tabbatar an katse lantarki kafin a saki ruwa, akwai tukunyar gas a ciki ko babu. Ga matasan unguwa sun taru da bokitai, da kyakkyawar niyya, suna neman fasa bangon da ke riƙe da rufi, sai an samu mai tsawatar musu. Mutum ɗaya ya kamata ya yi duk wannan magana, kowa kuma ya san cewa shi ne mai ita.

'Yan kwana-kwanan jiha ma'aikatan gwamnati ne, kuma kowa ya san yadda ake hawa a aikin gwamnati a Najeriya: shekara 2 a ƙananan matakai, shekara 3 daga mataki na 7 zuwa na 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama, sai fom ɗin auna ƙwazo, sai jarrabawa, sai in akwai gurbi. Takardar makaranta ce ke yanke inda mutum zai fara da inda zai tsaya. Wannan ma'auni ya dace da akawu. Amma bai san da zaman wanda ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi rijiya ya ɗauko yaro ba, ko wanda ke shiga kududdufi da damina, alhali rahotannin da hukumar kashe gobara ta jihar ke fitarwa cike suke da irin wannan ceto. Bai san direban da ya haddace kowane kwana daga tasha zuwa Gama da Gwagwarwa da Kaura Goje ba. Irin waɗannan sai su tsufa a ƙasa, yaron da suka koya wa riƙe mesa ya zama ogansu don ya zo da digiri. Ba mu raina digiri ba, amma shi kaɗai ba ya nuna wa mutum lokacin da silin ke shirin ruftowa.

Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke aiki da dokar 1963, tana da jerin muƙamanta na masu kayan sarki, hukumar da ke kula da ƙarin girman jami'an shige da fice da na gidajen gyaran hali ita ke kula da nata, tana kuma da makarantar horo a Sheda, kusa da Abuja. Ita ma ba a rasa ƙorafi a kanta, amma dai ta amince aikin nan dabam yake da na ofis.

Ra'ayinmu shi ne Kano ta rubuta nata tsarin. Kowace tasha ta samu shugaba, kowane rukunin masu kwana aiki ya samu nasa, a kafa muƙamin babban direba mai kula da famfo, da jami'in rigakafi da aka damƙa wa unguwanni da kasuwanni sanannu, wanda mai unguwa da shugabannin kasuwa za su san fuskarsa da lambarsa. Kowane muƙami da albashinsa, don kada gwani ya ga sai ya bar fili ya koma tebur kafin ya ci gaba.

Sharuɗɗan hawa kuma a buga su, a manna a bangon kowace tasha. Rabin jarrabawar a fili, da mesa da tsani da hayaƙi, a gaban alƙalan da ba 'yan tashar ba. A bayyana sakamako, wanda bai gamsu ba ya san inda zai kai kuka. Kuma tun kafin a zauna jarrabawa za a tsayar da ƙa'ida. A birnin New Haven na Amurka an yi jarrabawar ƙarin girman 'yan kwana-kwana a 2003, birnin ya soke sakamakon bayan ya gani, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta ba shi rashin gaskiya a 2009.

Tsoronmu ɗaya: da an ce sababbin muƙamai, sai masu uwa a gindin murhu su fara kai takarda, a wayi gari an tara mataimakan darakta a hedikwata, tashoshi na nan yadda suke. In haka za a yi, gara a bari.

Muna kira ga Gwamna da Shugaban Ma'aikatan Jiha su kafa kwamitin da tsofaffin 'yan kwana-kwana za su zauna a ciki, Majalisar Dokokin Jiha ta mayar da abin da aka tsayar doka. Ɗan majalisar da ke wakiltar Nassarawa ne ya fi cancanta ya kai ƙudurin, tun kafin hunturu mai zuwa.