Korar koci ba ta koya wa ɗan wasa cin ƙwallo

Duk lokacin da ƙwallo ta ƙi shiga raga a gasar Firimiya ta Najeriya, magani ɗaya shugabannin ƙungiyoyi suka sani: a bai wa koci wa'adin wasa uku, in bai yi nasara ba a sallame shi. 'Yan kallo kuwa, daga gidajen kallon ƙwallo na Birnin Gwari har zuwa filin wasa na Sani Abacha a Kano, sai su hau tafi. Wannan al'ada kuskure ce mai tsada. Tana cin kuɗin gwamnatocin jihohin da suka mallaki yawancin ƙungiyoyin, tana kuma cinye ƙuruciyar 'yan wasan da kowace kaka sai sun koma farkon karatu.

Wanda ke son ganin yadda ake sauya tsarin kai hari na gaskiya, ya duba abin da ya faru a Jami'ar Jihar Luwiziyana ta Amurka, wadda aka fi sani da LSU, a shekarar 2019. Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake jefa ƙwallo da hannu ko a ruga da ita zuwa ƙarshen filin abokan hamayya. Shekara da shekaru an san LSU da salon ƙarfi: a miƙa wa mai gudu ƙwallo, ƙarti su buɗe masa hanya. Salon yana cin ƙananan ƙungiyoyi, amma idan aka haɗu da Alabama sai ya cije.

Jami'ar ba ta kori babban kocinta, Ed Orgeron, ba. Shi ma bai kori mai kula da sashen kai hari, Steve Ensminger, ba. Abin da suka yi shi ne ɗauko wani matashi ɗan shekara 29, Joe Brady, daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints, suka damƙa masa aikin tsara jifa. Brady ya baza masu cafe ƙwallo a faɗin fili, wani lokaci har mutum biyar, don masu tsaron baya su rarrabu. Ya kuma bai wa mai jifa, Joe Burrow, damar karanta tsayuwar abokan hamayya ya zaɓi inda ƙwallo za ta tun kafin su farga. An yi watanni ana bitar wannan kafin a buga wasan farko.

A 2018 Burrow ya yi jifa 16 da suka kai ga ci, da tazarar yadi 2,894. A 2019, wannan Burrow ɗin dai ya yi 60, da yadi 5,671. Ƙungiyar ta ci wasanninta 15 gaba ɗaya, ta doke Clemson 42 da 25 a wasan ƙarshe a Janairun 2020. Mai jifa bai canza ba, haka ma manyan masu cafewa irin su Justin Jefferson da Ja'Marr Chase. Aikin da aka ɗora wa kowannensu ne ya canza, aka daidaita shi da baiwarsa.

Labarin yana da kashi na biyu, kuma shi ne ya fi dacewa shugabannin ƙungiyoyin Najeriya su ji. Da kakar ta ƙare, Brady ya tafi, Burrow da Jefferson suka shiga gasar ƙwararru. A 2020 LSU ta ci wasa biyar, aka ci ta biyar. Tsari ba laya ba ce da za a rataya wa kowa. Yana rayuwa ne a jikin mutanen da suka daɗe suna aiki da shi, idan suka watse ya watse.

Tarihin Kano Pillars ya faɗi wannan da kansa. Ta ɗauki kofin gasa a 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, ta sake ɗauka a 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. Koci ya sauya, kofi bai bar Kano ba, domin ginshiƙan ƙungiyar irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed suna nan, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Tsakanin 2020 da 2022 kuwa, kujerar ta ratsa hannun Lionel Soccoia da Ibrahim Musa da Salisu Yusuf, kuma a 2022 Sai Masu Gida suka faɗa ƙaramar gasa. Akwai wasu dalilai, ciki har da zaftare maki da buga wasannin gida a wajen Kano, amma sauyin kocin da aka yi ta yi bai tare ko ɗaya daga cikinsu ba.

Za a ce wasan Amurka daban ne, ana tsayawa bayan kowane yunƙuri koci ya ba da umarni, ƙwallon ƙafa kuwa gudana take yi. Gaskiya ne, amma manyan ƙungiyoyin Ingila sun riga sun ɗauki darasin. Liverpool ta ɗauki Thomas Grønnemark a 2018 don koyar da jifa daga gefen fili kawai. Arsenal ta ɗauki Nicolas Jover a 2021 don bugun kwana da bugun tazara, kuma duk mai kallonta ya ga amfanin. Za a kuma ce babu kuɗi. Albashin mataimaki ɗaya da kyamarar ɗaukar wasanni ba su kai abin da ake kashewa wajen sallamar koci da ɗauko wani da tawagarsa ba.

Abin da ake buƙata daga hukumomin Pillars da Katsina United da takwarorinsu a bayyane yake. Su daina bayar da wa'adin wasa uku. Idan ƙwallo ta ƙi shiga, su binciki inda harin yake mutuwa, su nemo wanda ya ƙware a wannan gurbin, su ba shi hutun ƙarshen kaka ya yi aiki, su kuma biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci don kada su watse. Shugaban da ya kori koci uku a kaka biyu kuma ƙungiya ba ta gyaru ba, shi ya kamata a fara tambaya.