A gyara tsohuwar tocila, amma a gyara ta da ilimi

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana gadin shaguna a kasuwar Aboabo, kuma cikin abin da ya bari akwai wata tocilar ƙarfe mai cin manyan batura biyu. Ƙwanta ya daɗe da mutuwa, ta yi ta zama a ƙasan akwati. A tsawon wannan lokaci na sayi tocilolin roba masu caji sun fi a ƙirga, kowacce ta yi 'yan watanni ta mace. Wata batir ne ya daina riƙe caji, wata makunni ne ya karye. Ko ka kai wa mai gyara ba ya iya buɗe ta sai ya fasa, don an liƙe ta ne da gam. Lallai araha ba ta ado.

Mu mutanen Tamale ba sai an yi mana bayanin amfanin tocila ba. Mun ga zamanin dumsor, musamman a 2015, kuma har yau idan NEDCo ta ɗauke wuta cikin dare, mai fita sallar asuba ta lungun Zango da manomin da ke tsoron taka maciji da damina duk abu ɗaya suke lalube. Wani zai ce ai kowa na da fitila a wayarsa. To, fitilar waya ba ta jifa da haske nesa, kuma tana shanye cajin da kake tattali don kira.

Shi ya sa na kai tocilar Baba wurin wani yaro mai gyaran waya a unguwarmu, na ce ya sa mata ƙwan LED mai ƙarfi irin wanda samari ke yayi. Ya cire tsohon ƙwan, ya liƙa sabo da dalma, ya ɗauko batir daga mataccen laftof ya haɗa kai tsaye. Da ya kunna, wallahi sai da na kau da kai. Ban yi kwana uku da ita ba hasken ya koma shuɗi-shuɗi, kan tocilar ya yi zafin da ba a iya taɓawa, ƙwan ya ƙone. Ban ga laifinsa sosai ba, don ni ma abin da na roƙa ke nan, haske mai kashe ido.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya fahimtar da ni inda muka kuskure. Ƙwan LED fari yana aiki ne a kusan bolt 3, shi kuwa batirin litiyam da ake kira 18650 yana kai bolt 4.2 idan ya cika. In aka haɗa su ba tare da ƙaramin allon da ke daidaita wuta ba, wanda masu gyara ke ce wa direba, ƙwan zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Sannan akwai zafi. Ƙwai irin Cree XM-L yana iya cin wat 10, ya ba da haske kusan lumen 1,000, amma mafi yawan wannan wutar zafi take zama, kuma dole a zaunar da ƙwan a kan dunƙulen alminiyom ko tagulla da ke manne da jikin tocilar don zafin ya samu hanyar fita. A garin da zafi ke kai digiri 40 a watan Maris, wannan ba abin wasa ba ne.

Dattijon ya yi mini lissafin da ya sauya mini ra'ayi. Batir mai kyau na mAh 3,000, idan ƙwai na jan amp 3, awa ɗaya zai yi ya ƙare. Idan aka daidaita shi a miliamp 350, wato kusan wat ɗaya, zai yi wajen awa takwas, kuma haskensa ya ninka na tsohon ƙwan Baba sau da yawa. Mai gadi da zai kwana a waje, wanne ya fi masa? Haka aka yi wa tawa. Ya yanko guntun bututun roba na famfo ya sa batirin a ciki don kada ya yi ta girgiza, tunda kaurinsa milimita 18 ne kawai, ya cike ragowar tsawon da guntun ƙarfe. Yau tana aiki lafiya lau.

Saboda haka ina tare da masu wannan gyara, amma ina da magana da su. 'Yan uwa, ku daina auna gwaninta da yawan haske. Kuma ku ji tsoron batirin laftof. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko rigar robarsa ta yage, a ajiye shi gefe, domin a cikin tocilar ƙarfe yagewar nan na iya haɗa wuta, batirin ya kama. Kada a ɗora masa ƙarfen dalma kai tsaye, kada a yi cajinsa ba tare da allon kariya ba. Wanda kuma aka rubuta masa mAh 9,900 ƙarya ce, don na gaske a wannan girman ba sa wuce 3,500 da wani abin kirki. A gidajenmu na Zango, inda ɗaki ke manne da ɗaki, gobarar mutum ɗaya ta kowa ce.

Masu riƙe tocilar ma su yi hattara. Tamale garin babura ne da yalo-yalo. Ka dalle wa mai babur ido da lumen dubu a kan hanyar Lamashegu, ka makantar da shi na 'yan daƙiƙu, alhali yana ɗauke da mata da goyo. A sunkuyar da haske ƙasa, a nan rami da maciji suke.

Na san za a ce mini wahalar ta yi yawa, sabuwa ta fi sauƙi. A ranar saye ne kawai ta fi sauƙi. Kowace tocilar roba da ta mutu tana ƙarewa ne a bola da batirinta, yara su tsinta, ko a cinna mata wuta tare da shara mu shaƙi hayaƙin. Ghana ta kafa doka kan sharar kayan lantarki a 2016, wato doka mai lamba 917, amma doka ba za ta shigo gidanka ta hana ka jefarwa ba. Wanda ya gyara ya rage wannan tulin.

Wannan farin ƙwan da muke wasa da shi ya samo asali ne daga shuɗin LED, aikin da ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar yabo ta Nobel a 2014. Su sun gama nasu, namu shi ne mu koya wa yaranmu amfani da shi daidai. Muna da makarantar koyon sana'a ta Dabokpa, muna da Jami'ar Fasaha ta Tamale. Ina kira ga sarakunan Zango da ƙungiyoyin matasanmu su nemi malaman lantarki daga can, ko na yini ɗaya ne, su zauna da masu gyaran waya su nuna musu yadda ake auna wuta da mita da yadda ake gane batir mai haɗari. Yaron da ya ƙona mini ƙwai hannunsa na da kyau, wanda zai nuna masa ne bai samu ba. Na kai shi wurin dattijon nan, kuma yanzu ba ya haɗa ƙwai sai ya fara ɗauko mita.